Yadda Za Ka Gama Komai da "Jo" Guda Ɗaya

Ajiye abin da ke hannunka ka saurare ni. In ka bi abin da zan gaya maka a nan, daga gobe babu wanda zai sake ritsa ka da aikin da ba ka yi ba, ko saƙon da ba ka kai ba, ko abincin da ba ka ci ba. Na ba ka tabbaci. Ba magani za ka sha ba, ba makaranta za ka koma ba. Kalma ɗaya ce ta harshenmu na mutanen Hong Kong, kuma tana bakinka tun kana tsotson yatsa: jo.

Sunana Mak Yiu-tong, amma duk unguwarmu ta Shau Kei Wan, daga inda tarago, ɗan jirgin ƙasan nan mai bin titi, ke juyawa har bakin kasuwar kifi, Sifu Mak ake ce mini, kamar yadda ake kiran duk mai sana'ar hannu. Famfo nake gyarawa, da fanka, da duk wani abu mai ɗiga ko mai ƙara. Ban gama firamare ba. Malaminmu ya tambaye ni ko na yi aikin gida, na ce jo, ya ce in nuna, na bi ta taga. Tun ranar kalmar nan take ci da ni. In ka ga rubutun nan yana tsalle, yi haƙuri, kwanakin nan ko tsani na hau sai in ji ina waƙa. Dalilin yana ƙasa. Kada ka tsallaka, zan sani.

Mataki na 1: San inda ake liƙa ta

Jo ba ta shiga gaba. Bayan aikin take bi, manne da shi kamar jela. Sik shi ne ci, sik jo kuwa an ci, magana ta ƙare. Haka za ka yi wa kowane aiki. Na gyara jo. Na kai jo. Na gaya masa jo. Masu tabarau suna da wani dogon suna da suke kiran wannan abin, ban riƙe shi ba, kuma ban rame ba.

Ka lura da alherinta. Jo ba ta faɗin yaushe. Ba ruwanta da jiya ko bara. Ai kai ma kana cewa, "In ka ci jo, sai mu tafi," alhali ko cokali mutumin bai ɗauka ba. To shi ke nan. Duk sanda ka ce ka yi jo abin da ba ka yi ba, sai ka sa ƙaramar "in" a gabanta, a cikin zuciyarka, inda ba mai ji. Ba ƙarya ka yi ba. Ka dai riga lokaci ne.

Wadda ta fi kowa iya jo a sanina tsohuwar matata ce. Ranar da za ta tafi, tana tsaye da akwatinta a bakin ƙofa, abin da ta ce kawai shi ne, "Na gaji jo." Yanzu tana Vancouver da wani mai cire haƙori. Riƙe wannan a ranka, za ka buƙace shi a gaba.

Mataki na 2: Kada ka yarda a ja ka zuwa "yun"

Akwai wata 'yar'uwarta mai suna yun. Guje ta. Yun na nufin an kai ƙarshe, an wanke hannu, an tattara kaya. Jo cewa kawai take yi abu ya faru. Tsakanin su biyun nan akwai fili, kuma a filin nan na gina rayuwata.

Ga misali. Yau-taai, wato matar Yau, tsohuwar da ke can saman benen da ba shi da lif, ta leƙo ta taga ina wucewa.

"Sifu, famfon nan fa?"

"Na gyara jo."

"Yana ɗiga."

"Ɗigar yau daban, ta jiya daban, Yau-taai. Ta jiya na gyara jo. Kin ji na ce yun?"

"Da da baki ake ɗaure famfo, da kai kaɗai ka busar da Hong Kong."

Ka ji? Yabo ke nan. Ka ɗaga mata hannu ka ƙara sauri.

Mataki na 3: Haramta wa bakinka "mei"

Mei ita ce "tukuna". Kalmar mutumin da bai kammala ba ce, mai ɓaraka a jikinsa da kowa zai iya leƙawa. A garin nan kuwa tarkon yana cikin gaisuwa. Ba wanda zai tambaye ka lafiyarka. Cewa za a yi, "Ka ci jo abinci, ko mei?" Namijin da ya haura hamsin ya buɗe baki ya ce mei, ya sanar da titi gaba ɗaya cewa ba mai dafa masa.

Yanzu bari in gabatar maka da filin da za ka yi atisaye. A kwanar da tarago ke juyawa akwai shagon Au Kam-ling, wadda kowa ke ce wa Ling-je, wato Yaya Ling, har waɗanda suka girme ta. Mijinta ya rasu ya bar mata tukunya da tebura. Kunun shinkafa take yi da kifi da citta. In ta buɗe murfin da safe, ƙamshin yana tsallaka titi ya kama ka a wuya. Tana da damtse irin na masu jan taru, da dariyar da ke sa cokula su yi ƙara a cikin kofi. Ban ce ina kallonta ba. Hanyata ce ta bi ta nan. In kuma hanyar ba ta bi ta nan ba, sai in lanƙwasa ta.

Kullum sai ta ɗago da ludayi a hannu.

"Sifu Mak, ka ci jo, ko mei?"

"Jo."

"Me ka ci?"

"Abinci."

"Cikinka ne ke wannan kukan, ko famfon wani ka saka a jaka?"

"Narkewa yake yi."

Haka ake yi. Kai a sama, ciki a ɗaure.

Dubi kishiyar wannan. Fung mai yanka makullai, wanda rumfarsa ke jikin shagon, siriri kamar wayar rataye kaya. Kafin ta rufe baki ya karya wuya: "Mei, Ling-je, mei," da murya irin ta kyanwar da ruwa ya doka. Sai ta ja masa kujerar da ke kusa da tukunya, ta cika masa kwano, ta ƙara masa kan kifi. Yana ci yana ba ta labarin ciwon gwiwarsa. Abin kunya. Ni ina tsallaken titi ina ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, ina tausaya masa.

Mataki na 4: Amsa kafin a gama tambaya

Sauri shi ne rabin sana'ar. Mai jinkiri kafin ya ce jo, ana ganin idonsa yana lissafi. Ka horar da harshenka har ya riga kunnenka.

Ni na kai wannan matsayin ranar da fankar shagon Ling-je ta tsaya ana tsakiyar zafi. Ta aika aka kira ni. Bayan abincin rana ne, ba kowa, Fung ya tafi likitan gwiwa. Ina saman tsani, sukuduraiba a baki, ita tana riƙe mini ƙafar tsanin, abin da ba wanda ya taɓa yi mini tun da na fara aiki. Sai na ji ta yi ƙasa da murya, irin yadda ban taɓa ji ba.

"Sifu Mak, in tambaye ka mana. Ka yi jo aure, ko..."

"Jo."

Ka ga gwaninta? Ko mei ɗin ba ta kai ba. Da ƙarfe a bakina ma.

Ta ja da baya. Ta saki tsanin. Na ji ya ɗan girgiza, ni ma na girgiza tare da shi. Don ka san abin da "na yi jo aure" yake nufi: an ɗaura, kuma yana nan a ɗaure, matar tana gida tana jiran ka. Da na sauko, ta zuba kunu a kwanon ƙarfe mai murfi, ta ɗaure shi a leda, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Kai wa Mak-taai. Ka ce ina gaishe ta."

Na karɓa da hannu biyu. Me kake so in yi?

Mataki na 5: Jo da ta fita ba ta komawa

A nan masu raunin zuciya suke faɗuwa. Za ka ji wani abu yana ce maka ka koma ka ce, "A'a, ban yi ba." Kada ka saurare shi. Harshenmu da kansa ya hana. Gwada ka haɗa "ban yi ba" da jo a magana ɗaya ka ji yadda take ɗaci. Ba sa zama wuri guda, in ɗaya ta shigo ɗaya ta fita. Abin da kakanni suka raba, ni mai gyaran famfo ban isa in haɗa ba.

Saboda haka na kai kunun gida, na zauna a gaban fankata, na cinye. Ban taɓa sa abu mai daɗinsa a baki ba. Na wanke kwanon na mayar da safe.

"Ta ci jo?"

"Ta ci jo."

"Me ta ce?"

Yi hattara a nan. Matar da ba ta kushe girkin wata ba, ba wanda zai yarda akwai ta.

"Ta ce citta ta ɗan yi yawa."

"Haka ta ce?" in ji Ling-je. "To."

Washegari citta ta ninka. Na ci ina gumi. Na kawo rahoto cewa Mak-taai ta ce har yanzu dai. Citta ta sake hawa. Kafin wata ya ƙare ina cin kunun nan hawaye na zuba a kwano, kunnuwana suna hayaƙi, kuma ban bar ko ɗigo ba. Matar tawa kuwa sai girma take yi. Ta samu ciwon baya, shi ya sa ba ta saukowa. Ta samu ƙanwa a Tuen Mun. Ta tsani ƙarar tarago. Har na fara jin haushinta, mace sai ƙorafi.

Ana cikin haka Fung ya tare ni a gaban rumfarsa yana goge wani makulli, bakinsa har kunne.

"Sifu, kai da ka daɗe a cikin aure, ba ni shawara. Ran Lahadi zan kai Ling-je shan shayi. Yayyena mata duka za su zo su gan ta."

Kowa ya san abin da ake nufi in namiji ya tara yayyensa mata a teburin shayi. Daga nan sai zancen ranar kai kaya.

"Ta yarda?"

"Ta yarda jo."

Ban taɓa sanin kalmar nan tana da ƙaya ba sai da ta fito daga bakin Fung. Na ce masa makullin da yake gogewa a karkace yake. Na tafi na gyara famfon Yau-taai, na gyara shi yun, har tsohuwar ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Mataki na 6: In an ƙure ka, canja harafi

Ga sirrin manya. Jo tana da maƙwabciya mai suna gwo. Gwo na nufin ka taɓa yi, ka ɗanɗana, ka fito. Wanda ya tafi jo Macau, kada ka dafa da shi, yana can. Wanda ya je gwo Macau yana nan zaune kusa da kai yana ba ka labarin yadda aka cinye shi a caca. Haka aure. Na yi jo aure, akwai mata. Na yi gwo aure, akwai mai cire haƙori a Vancouver.

Jo, gwo. Faɗe su da sauri a wurin hayaniya ka ji. Wa zai rantse wacce ka ce?

Na zaɓi ranar Asabar da yamma, tana goge tebura. Na jira tarago ya zo kwana yana wannan kukan ƙarfen nasa, na ajiye kwanon, na ce da ita, kamar abin bai dame ni ba:

"Af, Ling-je. Kamar kin yi mini gurguwar fahimta kwanaki. Gwo na ce. Na yi gwo aure. Ƙarar fanka ce ta sa ba ki ji ba."

Ba ta daina goge teburin ba.

"Fankar da ta mutu ka zo gyarawa?"

"Tarago ke nan."

"To wa yake cin kununa?"

Na duba sama. Fankar tana juyawa lafiya, aikina ne.

"Wa ya ce citta ta yi yawa? Wa ke da ƙanwa a Tuen Mun?" Ta jefa tsumman a kafaɗa. "Sifu Mak, Yau-taai ta ba ni labarin Vancouver tun kafin fankar nan ta tsaya. Titin nan kaf ya sani. Kuma ba macen da za ta mayar wa wata kwano da shinkafa a maƙale a murfi."

"To don me kika tambaye ni?"

"Don in ji daga bakinka."

"Cittar fa?"

"Ita ma don in ji daga bakinka. Na ce ko zafi zai buɗe shi." Ta ɗauki kwanon ta leƙa ciki. "Kai komai jo. Ka ci jo, ka huta jo, ka warke jo. Mutumin da ya gama komai, in na shigo gidansa me zan yi? In tsaya a kusurwa kamar firji? Fung maƙaryaci ne, na sani. Yana ce mini mei da ridin burodin wani shago a gaban rigarsa. Amma shi ya bar mini wurin da zan ajiye kwano. Ni ba yarinya ba ce, na gaji da jira."

Na buɗe baki. Abin da ya taso shi ne "Na gane jo." Na haɗiye shi, ya bi ta inda citta ta bi.

Wannan matakin yana aiki ƙwarai. Ka dai tabbata fankar tana kunne.

Mataki na 7: Wannan na ƙwararru ne kawai

Ran Lahadi da safe ka sa rigarka mai kyau. Ba don komai ba, sauran suna wanki. Ka bi ta kwanar tarago, don hanyarka ce.

Na tarar tana jawo ƙofar ƙarfen shagon ƙasa, sanye da riga kore mai furanni, gashi a gyare. Fung yana gefe cikin kwat ɗin da ta yi masa yawa, riƙe da lema, yana duba agogo. Na tsaya. Igiyar takalmina ko motsi ba ta yi ba, kuma ban sunkuya ba. Na tsaya kawai, kamar sandar fitila.

Ta sa kwaɗo. Ta juyo ta gan ni. Ta dube ni tun daga rigar har takalmin.

"Sifu Mak," ta ce. "Ka ci jo, ko mei?"

Harshena ya riga ya tashi, horon shekara da shekaru. Na danne shi da haƙori. Tarago ya zo, ya yi kukansa, ya juya, ya tafi. Na bari sai da titi ya yi tsit, don kada wani ya ce ƙara ce.

"Mei."

"Me ka ce? Kunnena ya tsufa."

"Mei, Ling-je. Ban ci ba. Jiya ma ban ci ba. Ba na cin komai da safe sai ruwan zafi."

"Tun yaushe?"

"Tun Vancouver."

Fung ya taɓa mata gwiwar hannu da lema. "Ling-je, yayyena sun kama tebur. Shayi zai huce."

"Kai ka ci jo, Fung," ta ce, ba ta ko kalle shi ba. "Ga ridi nan a kwat ɗinka. Je ka gaishe mini da su, ka ce wani aiki ya taso."

Sai ta nemi makullin kwaɗon a jaka ta rasa. Fung ya yi ajiyar zuciya, ya zaro wani daga aljihu, don shi ya yanka mata su, ya buɗe mana ƙofar da kansa. Mutumin kirki ne, na daɗe ina faɗa. Ya tambaya ko za a ajiye masa kan kifi gobe. Ta ce za a ajiye.

Ta kunna wuta da rigarta mai furanni. Ta ja mini kujerar da ke kusa da tukunya. Kujerar nan, ɗan'uwa, ashe har da matashi a kanta. Ta ajiye kwano a gabana ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Cittar fa?"

"Ta yi daidai."

"Ban sa ba ko kaɗan."

"To mei," na ce. "Ƙaro."

Ta yi dariyar nan, cokula suka amsa.

Kada ka ce na karya dokar mataki na uku. Dabara ce tun farko. Mei ɗin Fung ta kullum ce, ba ta da daraja. Tawa na ɓoye ta shekaru, na fito da ita sau ɗaya, ta buɗe ƙofar ƙarfe. Duk wanda ya ce maka ba haka na tsara ba, Yau-taai ce ta aiko shi.

Gargaɗi

Ni Mak Yiu-tong ba ruwana da abin da zai same ka in ka bi waɗannan matakai. In gidan wani ya cika da ruwa, in aka kore ka daga aiki, in ka wayi gari da matar da ba ka da ita kuma tana da ciwon baya, in cikinka ya ƙone da citta, kai ka jiyo, ni ban aike ka ba. Kada ka zo nemana a gida, ba na nan. Kada ka zo shagon, kujerar guda ɗaya ce. In kuma tambayarka ita ce ko na yi aure, amsar a yau gwo ce kuma mei ce, bayan bikin kallon wata da ke tafe sai ka sake tambaya, ka zo da kunnenka a wanke.

Famfon bayan shagon yana ɗiga. Aikin ɗan lokaci ne, robar ma tana aljihuna. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko na gyara jo, ni kuma in ja kujera in ce mei.